Bokitin Mama Ladi

Ku yaran da ake turo mana koyon aiki, ina lura da irin kallon da kuke yi wa teburina. Kun ga tire, kun ga sikeli, da wuƙa, da 'yan kwalabe a jere, sai ku ce a ranku ai wannan ko mai tsire na bakin titin Sabon Tasha zai iya. Ba na jin haushi, don ni ma da ƙuruciya idona ya fi hannuna sauri. Sunana Hannatu, amma kowa Sista yake ce mini, har maigidana idan yana neman rigima. Da ungozoma na fara a wani asibiti a nan ƙetaren kogin Kaduna, daga baya aka sa ni cikin masu binciken mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya, wato naman nan da ke biyo jariri bayan an haife shi. A gaban wannan tebur furfura ta same ni.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Danladi, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, dogo, siriri, ba ya son magana biyu. Na zo da ɗokin riƙe wuƙa, shi kuwa ya miƙa mini baho da farin ƙyalle. Damina ta shiga ta fita ina wanki da naɗi kawai. Da na gaji na yi masa ƙorafi, sai ya ce, “Hannatu, wanda bai iya mayarwa ba, bai isa ya yanka ba. Abin nan aro aka ba mu. Kowace mabiyiya tana da mai ita yana tsaye a bakin ƙofa.”

Gaskiya ya faɗa. A nan wajenmu ba wanda ke barin mabiyiya a asibiti. Mutumin kudancin Kaduna ne, ko Gbagyi, ko Ibo, ko Bahaushe, kowa sai ya tafi da abarsa ya binne. Saboda haka Baba ya koya mini in wanke ta tas, in janyo tantaninta in rufe ta da shi, in naɗe igiyar cibiya a sama, in sa a farin ƙyalle, in miƙa da hannu biyu. Ba a jefa ta a baƙar leda kamar an sayo hanta a mahauta. Kuma igiyar cibiya kullum sama take kallo, don tsofaffi sun ce idan aka binne mabiyiya a kife, haihuwar matar ta lalace ke nan. Na taɓa tambayarsa ko shi ya yarda da wannan magana. Ya ce, “Yardata ba ta da amfani a nan. Tsohuwar da ke jira ta yarda, kuma ita za ta kwana da tunanin, ba ni ba.”

Da ya ga hannuna ya zauna, sai ya fara koya mini kallo. Mabiyiya fuska biyu gare ta. Wadda ke kallon jariri sumul take, tana sheƙi, jijiyoyi sun bazu a kanta daga gindin cibiya. Wadda ke manne da mahaifar uwa kuwa ja ce wur, curi-curi, an haɗa su kamar gurasa. Abu na farko, sai ka duba ko curin sun cika, don idan guntu ya maƙale a jikin mace, jini zai ɓalle mata. Sai ka duba bakin igiyar cibiya inda aka yanke, ka tabbata jijiyoyi uku ne. Ka ɗora a sikeli. Sannan ka yanka ta yanka-yanka, ka bi da ɗan yatsa. Mai lafiya taushi gare ta, kamar soson da ya sha ruwa. Idan yatsanka ya ci karo da wuri fari mai tauri, to wurin ya mutu tun jariri yana ciki. Daga nan ne kake ɗiban 'yan guntaye, kowane bai wuce kan ɗan yatsa ba, ka sa a kwalbar fomalin, ruwan nan da ke sa ido hawaye ko ba a yi maka mutuwa ba. Sauran aikin na Baba ne. Ya daskarar da guntun cikin kaki irin na kyandir, ya fere shi a inji har ya fi bawon albasa rashin kauri, ya rina, ya ɗora a gilashi, ya kai wa likita ta duba a madubin da ke ƙara girman abu.

Likitarmu, shugabar binciken, ita ce Dakta Nkechi, haifaffiyar Kakuri, 'yar mai sayar da kayan mota, Hausa a bakinta kamar ta yi gado. Ita ta fahimtar da ni dalilin wahalar da muke sha. Ta ce mabiyiya da jariri iri ɗaya ne ya tsiro da su. Tun cikin yana sabo, kafin ma mace ta fara faɗa wa mutane, mabiyiya take sa saiwa a bangon mahaifa, ta buɗe ƙananan jijiyoyin uwa su yi faɗi, don jini ya riƙa kwararowa a wadace. Ta nan jariri ke numfashi, ta nan yake ci, ta nan yake zubar da ƙazantarsa. Idan saiwar ba ta shiga sosai ba, jijiyoyin sai su zauna a matse, abinci ya yi kaɗan, yaro ya tsumbure, jinin uwa ya hau. Me ke hana saiwar shiga a jikin wata ta shiga a jikin wata, shi ne abin da muke nema, kuma har yau ba a gama ganowa ba. Ta kan ce, “Jariri ba zai ba mu labari ba, uwa ba ta ga abin da ya faru ba. Mabiyiya ce kaɗai shaidar da aka yi komai a gabanta.”

Akwai shekarar da ba na son tunawa. A lokacin muna aikinmu ne a wani ɗaki can baya, ƙofa a rufe, don muna ganin ba abin nuna wa jama'a ba ne. Ban san daga ina maganar ta taso ba, sai kawai muka ji ta a bakin 'yan keke da 'yan kasuwa, wai a ɗakin nan namu ana yankar mabiyiyar mutane ana sayar wa matsafa. Matan da na karɓi haihuwarsu da hannuna suka fara ɗauke kai idan mun haɗu a kasuwa. A coci wata ta tashi daga kusa da ni ta koma benci na gaba. Kafin mace ta gama naƙuda, kakar jaririn ta riga ta tsaya a ƙofa da bokiti. Kwalabena suka yi ƙura. Dakta ta ce idan aka ci gaba a haka, sai dai mu naɗe tabarmarmu.

A tsakiyar wannan shekara aka kawo Rifkatu. Tela ce daga Rido, mijinta Ishaya mai walda ne. Sau biyu tana ɗaukar ciki har ya tsufa, sau biyu ana ciro mata ɗan ƙaramin yaro ba rai. Wannan na uku ne. Ta zo ƙafafu a kumbure, kai yana sara mata, ta ce tun jiya ba ta ji motsi ba. Da hantsi ta haihu, ɗakin ya yi tsit, don abin da muke tsoro ne ya faru. Bayan an gyara ta, Dakta ta zauna a bakin gadonta ta roƙe ta izinin duba mabiyiyar. Rifkatu ba ta ko juyo ba, bango take kallo. Ta ce, “Ku duba. Ko me za ku yanka ku yanka. Ni dai in san abin da ke kashe mini 'ya'ya.”

Na je ɗauka, sai na tarar da baho wayam. Mai shara ta ce ta ga surukar Rifkatu, wata tsohuwa da ake ce wa Mama Ladi, ta fita da shuɗin bokiti mai murfi. Na kira Ishaya, yana can tare da maza wajen binne yaron. Ya ce mahaifiyarsa ta ce masa ƙauye za ta, can gaba da Kachia, kuma shi bai iya hana ta ba.

Ku gane abin da ke gabana a lokacin. Idan bokitin nan ya bar gari, za a binne amsar tare da shi, Rifkatu ta sake ɗaukar ciki na huɗu a makance, ya bi 'yan'uwansa. Ko tufafin aiki ban cire ba, na tare keke na ce tashar Sabon Tasha. Duk rayuwata ina zagin motocin da ba sa tashi sai sun cika, amma ran nan na sa musu albarka. Bas ɗin yana tsaye, ɗan kamasho yana ta ihun Kachia, Zonkwa. A kujerar baya na hango ta, 'yar ƙaramar tsohuwa da ɗankwalin zumuntar mata ta coci, ta ɗora bokitin a cinya ta rungume shi da hannu biyu. Na kutsa na zauna kusa da ita.

Na ce, “Mama, sannu da haƙuri. Allah ya ba mu dangana.”

Ta ce, “Amin, 'yata.” Ta ƙara matse bokitin. “Na san abin da ya kawo ki. Ba za ki samu ba.”

Na ɗauka maganar gari ce ta shige ta, sai na fara rantse-rantse, ina cewa mu ba ma sayar da komai, ni 'yar gidan fasto ce, a je a tambaya. Ta bar ni na gama, sannan ta yi tsaki.

“Wa ya ce miki sayarwa nake tsoro? Wannan ai zancen 'yan keke ne. Ni abin da ke damuna daban.”

Ta yi ƙasa da murya don kada fasinjoji su ji. Ta ce lokacin haihuwar farko ita aka ba mabiyiyar. Gidan haya suke a Rido, mai gidan ya hana haƙa rami, ga ruwa ana tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Ta lallaɓa bayan ɗaki ta tona da sauri, idonta kuma ba gani sosai yake ba, ta zazzage ledar a ramin ta mayar da ƙasa. Sai da ta koma ɗaki gabanta ya faɗi, don ba ta duba yadda ta sauka ba. Da ciki na biyu ya zo ba rai, sai ta tabbata a kife ta faɗa.

Ta ce, “Ni na rufe wa yarinyar nan hanya. Ba ta sani ba, ɗana bai sani ba. Tana kuka ina ba ta haƙuri da wannan bakin nawa. Tun ran nan ban sake bi ta bayan ɗakin nan ba, ko shanya zan yi sai in zagaya ta gaba. Wannan karon gida zan kai, tsofaffinmu su binne ta yadda ya kamata, cikakkiya, ba a taɓa ta da wuƙa ba, ko Allah zai warware abin da na ƙulla.”

Na zo da shirin faɗa da jita-jita, sai na tarar da tsohuwa tana ɗauke da gawa biyu a wuyanta ita kaɗai. Da na ce mata camfi ne, da ta rufe kunne, kuma da ta yi daidai. Na tuna maganar Baba Danladi, sai na bi ta wata hanya.

Na ce, “Mama, yaron farko, kafin ki tona ramin ya rasu ko bayan kin tona?”

Ta ce, “Kafin.”

“To shi wa ya kifa masa?”

Ta dube ni kamar na raina mata hankali. “Na farko na Allah ne. Sauran biyun nawa ne.”

Direba ya shiga ya tayar da mota. Wata mata a kujerar gabanmu, wadda ta ga farar rigata ta ga bokiti, ta juyo ta ce, “Mama, kada ki ba su o! Mun san su.” Na yi kamar ban ji ba. Na ce wa Mama Ladi ba na roƙon ta ba ni bokitin, ta riƙe abinta. Ta zo da ƙafarta ta zauna, a buɗe a gabanta, hannunta a kan tire. Abin da zan ɗiba za ta gani da idonta, sauran in naɗe mata, in rako ta tasha da kaina kafin la'asar. Ta shafa murfin bokitin.

Can ta ce, “Rifkatu ce ta aiko ki?”

“Ita ta ce a duba. Ta ce tana so ta san abin da ke kashe mata 'ya'ya.”

“Haka ta ce?”

“Haka ta ce, Mama.”

Ta ja dogon numfashi. “To ai ita ce mai abu.” Ta buga jikin motar da tafin hannu ta ce a sauke ta. Ɗan kamasho ya bi mu da baƙaƙen maganganu har bakin titi, ni kuwa ko waƙa yake yi ba za ta fi wannan daɗi a kunnena ba.

Da muka iso na gaya wa Baba Danladi alkawarin da na ɗauka, ina tsoron zai ce ba a shigo da baƙo ɗakin aiki. Ya kama teburin ta gefe ɗaya, ya ce in kama ɗaya gefen, muka fito da shi bakin ƙofa inda haske yake. Ya ɗauko kujera ya goge, ya ce, “Mama, bismilla.” Ya sa mata safar hannu da kansa.

Ita ta buɗe bokitin. Mabiyiyar 'yar ƙarama ce, ba ta kai abin da ya kamata a gani a cikin da ya tsufa haka ba. Na wanke, na auna, na fara yanka a hankali, tsohuwar tana bin wuƙar da ido. Tun yanka na biyu fararen wurare suka bayyana, nan da can, wasu har tsakiya. Baba ya kama yatsanta ya danna a kan jan wuri, ya ce, “Kin ji taushi? Nan yaro ke ci.” Ya matsar da yatsan kan farin. “Nan fa?”

Ta danna, ta sake dannawa. Ta ce, “Ya ƙandare.”

“Ya daɗe da mutuwa, Mama. Ba na jiya ba ne, ba na shekaranjiya ba.”

Dakta Nkechi ta durƙusa a gefen kujerar ta yi mata bayanin saiwa da jijiyoyi kamar yadda ta yi mini. Mama Ladi manomiya ce, ba ta sha wahalar ganewa ba. Ta ce, “Wato shuka ce saiwarta ba ta kama ba.” Dakta ta ce haka ne. Sannan tsohuwar ta yi tambayar da ta kawo ta.

“Likita, wa ya hana ta kamawa?”

Dakta ta ce, “Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, ba mu gama sanin dalili ba, shi muke nema a wannan tebur. Amma na san abu ɗaya. Wannan yana faruwa ne a cikin jikin mace, tun ciki yana ɗan tayi, kuma irinsa yakan sami mace tun haihuwarta ta fari, kafin a taɓa binne mata komai. Ina ganin abin da ya ɗauki na farko shi ya ɗauki na biyu da na yau. Babu ramin da ya kai can.”

Mama Ladi ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta bar yatsanta a kan farin wurin, hawaye suna sauka kan zanenta. Na ɗebi 'yan guntayena a gabanta, na nuna mata kowane kafin in sa a kwalba. Sauran na haɗa, na rufe da tantani, na naɗe cibiya a sama, na sa a farin ƙyalle, na miƙa mata da hannu biyu. Na raka ta tasha kamar yadda na ce, ta kai ƙauye aka binne.

Da gilashin ya fito, madubi ya nuna abin da yatsa ya riga ya ji, jijiyoyin uwa a matse, ba su buɗe ba. Dakta ta kira Rifkatu da Ishaya ta gaya musu. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce Rifkatu ta huta tukuna, kuma ranar da ta ga wata ya wuce ta, ta zo, kada ta jira ciki ya fito kamar yadda matanmu ke yi don gudun baki. Za a sa ta kan wata 'yar ƙwaya da ke taimaka wa jini ya gudana, a riƙa auna hawan jininta a kai a kai, a riƙa hoton da ke nuna yadda jini ke tafiya a igiyar cibiya. Idan aka ga mabiyiya ta fara gajiya, a ciro yaron kafin ta kasa.

Teburin nan kuwa bai sake komawa ɗakin baya ba. Mama Ladi ta je zumuntar mata ta ce ita da yatsanta ta taɓa, kuma abin da aka ɗiba bai kai loma ba. Wata kaka ta zo don ta kama mu da ƙarya, ta zauna a kujerar, ta tafi tana ba wasu labari. Sannu a hankali kwalabena suka fara cika. Gani ya kori ji. Saboda haka idan kuna lissafa kayan aiki, ku fara da kujerar can da kuke ɗora jakunkunanku a kai. Ba taku ba ce, ta kaka ce.

Bayan shekara da wani abu sai ga Rifkatu, Mama Ladi tana biye da ita kamar 'yar sanda. Tun daga ranar tsohuwar ba ta bari an tsallake awo ba. Ko ana ruwa ko ana rana za ka gan su sun sauko daga keke. Ita ke riƙe da ƙwayar a ƙullin zanenta, ita ke miƙawa kowace rana, ta tsaya sai ta ga an haɗiye. Rifkatu ta taɓa ce mini cikin raha, “Sista, ki roƙa mini Mama, ko bayan gida na shiga sai ta tambaye ni ko yaro ya motsa.”

Cikin ya shiga wata na takwas, sai jinin Rifkatu ya fara hawa, hoto kuma ya nuna jinin da ke zuwa wa yaron yana raguwa. Dakta ta ce lokaci ya yi, a yi mata aiki. Ishaya ya tsaya a baranda yana juya hularsa. Abokansa sun gaya masa bakwaini yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi, ga tsoron wuƙa. Yana cewa a ɗan ƙara jira, ko mako biyu. Ni da Dakta muka yi bayani har bakinmu ya bushe. Sai Mama Ladi ta tashi daga benci ta tsaya a gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

Ta ce, “Ishaya, ni na taɓa wadda ta gaji, da wannan yatsan. Kai ba ka taɓa ba. Kada ka sa a jira wannan ma ta ƙandare.”

Ya sunkuyar da kai ya ce a yi.

Ina cikin ɗakin tiyatar, an ba ni baho in jira rabona. Na sha ganin haihuwa har ba na iya ƙirgawa, amma ran nan idona bai bar hannun likita ba. Aka ciro 'yar mitsitsiyar yarinya, ta yi shiru na ɗan lokacin da ya isa mutum ya tsufa, sannan ta saki wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa. Ban san lokacin da na ce “Na gode Yesu” da ƙarfi ba, har likitan da ke aikin ya ce in yi a hankali kada in zubar da bahon. Wani nauyi da na ɗauka tun daga bas ɗin Kachia ya sauka daga ƙirjina. Yarinyar ta yi kwanaki a kwalbar ɗumama jarirai kafin a sallame ta, aka sa mata suna Godiya. Yanzu haka tana makaranta, kuma an ce ta fi kowa surutu a ajinsu.

Da na fito da bahon ran nan, na tarar Mama Ladi ta riga ni zuwa tebur. Tana zaune a kujerarta, shuɗin bokitin nan a gefen ƙafarta, ta miƙo hannu a sa mata safa ba tare da an ce mata komai ba. Wannan ma ƙarama ce, akwai fari kaɗan a gefe-gefe, amma tsakiyarta ja ce, da taushi. Ta bi ta da yatsa yanka bayan yanka, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Ta ce, “Wannan ta yi ƙoƙari. Sannu da aiki.” Da mabiyiyar take magana, ba da ni ba.

Na ɗebi nawa, na naɗe sauran, cibiya a sama, na miƙa mata. Na ce, “Mama, in raka ki tasha? Motar Kachia ba ta tashi ba tukuna.”

Ta ce, “Wace Kachia? Rido za ni. A bayan ɗaki zan sa ta, kusa da ta farko. Mai gida ya yi ta faɗansa.” Ta rufe murfin ta miƙe. “Shekara nawa ina zagaye wurin nan, 'yata. Yau ta nan zan bi.”

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta har ta kai get. Bokitin yana hannu ɗaya, tana kaɗa shi kamar mai zuwa ɗiban ruwa.